Ba Kowane "Charge" Ne Caji Ba

Makon jiya wani kanun labari ya ɓata mini rai. A ɗaya daga cikin shafukan nan na Hausa da ke Facebook, masu kwaso labari daga jaridun Turanci su juya shi cikin minti biyar, na ga an rubuta cewa kotu ta samu wani ɗan kasuwa da laifin damfara. Kafin la'asar labari ya zaga gari. Masu tsinuwa na yi, masu cewa dama sun san za a rina na yi.

Ni kuwa ƙwanƙwasar zuciya ta sa na bi sawu na nemo asalin labarin. Abin da jaridar Turancin ta rubuta shi ne: *he was charged with fraud*. Wato an gurfanar da shi, ana tuhumarsa. Ko shaida ɗaya ba a saurara ba. Alƙali bai ce komai ba, ban da ɗage zama da ya yi. Amma a Hausance an riga an yanke wa bawan Allah hukunci. Gobe ko kotu ta wanke shi tas, wa zai bi waɗanda suka karanta gida-gida ya kankare musu?

Ba na zaton mai shafin mugu ne. Abin da nake zato ya fi haka muni, domin ya shafe mu duka. An koya masa Turanci yadda aka koya mini: a raba allo biyu, kalma a hagu, ma'anarta guda ɗaya a dama, a haddace, a biya. Ya tashi da imanin cewa kowace kalmar Turanci tana da miji ɗaya a Hausa, ba saki ba yaji.

Ra'ayina ke nan tun kafin tafiya ta yi nisa. Wannan salon koyarwa kuskure ne, kuma kuskuren ba a takardar jarrabawa kaɗai yake tsayawa ba, yana bin mutane har kotu da banki da asibiti. Maganinsa kuwa yana bakinmu, shi ne Hausar da muke kora daga aji. Zan kafa hujja da kalma ɗaya tak, wadda ba Bahaushen da bai furta ta yau ba: *charge*.

Kaya ne a kan amalanke

Duba waɗannan. Waya ta yi *charge*. Mai POS ya yi maka *charge*. 'Yan sanda sun yi wa mutum *charge*. Wance ce *in charge* a ɗakin haihuwa. Sa ya yi *charge* ya nufo manomi. Gwamna ya yi *charge* ɗin matasa su guji shaye-shaye. Ma'ana shida ke nan, ban ma taɓo rabi ba. In ka kalle su a jere sai ka rantse babu abin da ya haɗa su sai rigimar Bature.

Akwai abin da ya haɗa su. Kalmar ba asalin Ingilishi ba ce. Ta shiga ne daga tsohon Faransanci, bayan mutanen Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har kusan shekara 300. Kamar dai yadda alƙali da hukunci da tuhuma da shaida suka shigo mana daga Larabci. Shi kuma Faransanci ya gaje ta daga Latin, daga kalmar *carrus*, wato amalanke. Daga wannan tushe ne *car* ta fito, da *cargo*, da *carry*. Ma'anar *charge* ta farko ita ce yi wa amalanke lodi. Har yau a Maraɗi ko Damagaram, inda aka yi boko da Faransanci, in an ce babbar mota *chargé* take, lodi ake nufi.

To riƙe wannan hoton: kaya, da wanda aka ɗora wa. Yanzu koma kan jerin can da Hausarka.

An ɗora masa laifi. An ɗora masa haraji. An ɗora masa nauyin kula da marayu. An ɗora masa alhakin abin da ya faru. Ka gani? Ba mu ari wannan daga kowa ba. Kakanninmu da ba su taɓa ganin Bature ba su ma sun kalli laifi da kuɗi da amana, suka ga duk kaya ne da ake aza wa mutum kamar yadda ake aza wa jaki mangala. Abin da Bature ya yi da *charge* shi Bahaushe ya yi da "ɗora".

Sauran ma'anonin kuma 'yar'uwarta "ɗura" ce ke buɗe su. Maharbi yana ɗura albarushi a bindigar toka, Bature ya ce ya yi *charge* ɗin bindiga. Daga nan ne masu bin asalin kalmomi suke jawo ma'anar afka wa abokin gaba: an ɗura, an saita, an yi kukan kura. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah, ya ga mahaya sun sako dawakai a sukwane za su yi jahi, ya ga *cavalry charge* da idonsa, ba ya bukatar ƙamus.

Na lantarki shi ne autansu. A shekarun 1740 masu bincike a Turai suka gano yadda za a tara wutar lantarki a cikin wata kwalba, suna kallon wutar kamar ruwa ne da ake ɗurawa. Benjamin Franklin na Amurka yana cikin waɗanda suka kafa kalmar *charge* a wannan fage, shi ne kuma ya kawo *positive* da *negative* da *battery*. Saboda haka yaron da ke zaune a shagon caji da janareto da wayoyi hamsin jere a kan katako, ɗuri yake yi, sana'arsa ɗaya da maharbi.

Juya kalmar kuma ka ga abin mamaki. *Discharge* sauke kaya ne. Jirgin ruwa ya sauke lodinsa a Apapa. Batir ya sauka. Ma'aikaci ya yi *discharge* ɗin aikinsa, mu kuma muka ce ya sauke nauyin da ke kansa, kalma da kalma, ba wanda ya kwaikwayi wani. Har da wannan muguwar magana da muka saba ji bayan an harbe direba a shingen bincike, *accidental discharge*, wai bindiga ce ta sauke abin da aka ɗura mata ba da niyya ba. Ita dai bindiga ba ta ɗura wa kanta, amma wannan zance ne na wata rana.

"Ai Turanci ne ba shi da alƙibla"

Na faɗi wannan a majalisarmu ta bayan isha'i, sai wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Kai dai Malam, bar wahalar da kanka. Yaren nasara yaren yaudara ne. Kalma ɗaya fuska goma, don su cuce ka a takarda."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Fassara mini 'ci' da Turanci."

Ya ce, "*Eat* mana."

Na ce to, ya ci abinci, mun yarda. Ya ci zaɓe fa? Ya ci bashi. Ya ci amana. Ya ci jarrabawa. Ya ci sarauta. An ci shi tara. Ya ci hanci. Ya ci mutuncina. Kasuwa ta ci. Wuta ta ci. Riga ta ci yadi biyar. Ya ci gaba. Ya ci karo da bango. Kano Pillars ta ci ƙwallo biyu. Majalisa ta tuntsire da dariya, shi ma ya yi.

A ce wani Bature ya zo koyon Hausa, malaminsa ya rubuta masa a allo cewa "ci" shi ne *eat*, ya sallame shi. Ranar da ya ji an ce wane ya ci hanci, tausayin mai hancin zai ji. Ba Hausa ce ta yaudare shi ba, malaminsa ne ya gajarce masa.

Kowane harshe haka yake, kuma kalmomin da aka fi amfani da su kullum su ne suka fi tara ma'ana, kamar yadda tsohuwar hanya ta fi yawan rassa. Babban ƙamus na Oxford, a bugun 1989, ya lissafa wa aikatau *set* ma'ana 430. Da aka sake bitar *run* aka gama a 2011, sai da ta kai 645. Ba manyan kalmomin nan masu tsawo da 'yan boko ke burga da su ne ke kayar da yaranmu ba. Waɗannan ma'anarsu ɗaya ce, in ka sani ka sani. Ƙananan ne, waɗanda yaro ke gani ya ce ai na san wannan.

"To a ce caji mana, kowa ya gane"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ina ganin ƙarfinta. Ba ni cikin masu ƙyamar aro. Caji Hausa ce yanzu, kamar mota da tebur da asibiti. Ba wanda zai shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ce a ba shi igiyar ɗura wuta, caja zai ce, kuma daidai ne.

Matsalar ita ce, lokacin da muka aro kalmar ba mu aro ta da dukkan kayanta ba. Mun ɗauki biyu ko uku muka bar saura. Cajin waya, mun ɗauka. Cajin kuɗi, mun ɗauka, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da "nawa ne cajinka?" ta zama gaisuwa tsakanin mutum da mai POS. Caji ofis ma mun daɗe da shi, tun zamanin 'yan doka. Sannan muka yi mata namu ƙari: in soja ya caje mota a hanya, bincike ya yi, abin da Bature ke kira *search*. A kunnenmu kalmomin biyu sun haɗe sun zama ɗaya.

Saboda haka idan ka ce wa tsohuwa, "Inna, an caji ɗanki," me ka faɗa mata? An karɓi kuɗi a hannunsa? An lalube masa aljihu? An kai shi gaban alƙali? Tambayar da za ta fara yi maka ita ce, "Nawa?" Kuma ba wauta ta yi ba, Hausarta ta bi.

Wasu ma'anonin kuwa caji ba ta ɗaukarsu ko da tsiya. Jaridun Najeriya na Turanci suna ƙaunar rubuta *Governor charges youths*, *Emir charges parents*. Ba tara aka ci kowa ba, ba kotu aka kai kowa ba. Hori ne: gwamna ya hori matasa, sarki ya ja hankalin iyaye. Ƙwararrun masu fassara a gidajen rediyo sun san wannan tun tuni, shi ya sa ba ka jin shirme a bakinsu. Sababbin hannu ne, masu waya da gaggawa, ke ta ɓarin.

Ga wata kuma da ko masu digiri tana kayarwa. *The nurse is in charge of the child*: yaro yana hannun nas. *The nurse is in the charge of the child*: nas ce a hannun yaro. Ɗan guntun *the* ɗin nan shi ya juya wanda ke ɗauke da kaya da wanda aka ɗauka. Mun aro "incaj" muna kiran shugabar ɗakin asibiti da shi, amma aron bai zo mana da wannan tarko ba, sai ka koma cikin jimlar Turancin ka tarar da shi yana jiranka.

Banki kuwa nan ne kasuwar kalmar take ci. Kuɗin saƙon sanarwa, kuɗin kula da kati, kuɗin cire kuɗi a na'urar wani banki, da naira 50 da ake cira idan kuɗin da aka tura ya kai 10,000. Mai asusu duk caji yake kiransu, ya zagi banki ya wuce. Alhali wannan naira 50 ɗin haraji ne na gwamnati, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Wanda bai rabe tsakanin ladan aiki da haraji da tara ba, bai san ƙofar da zai kai kukansa ba. Ni a ganina, bankin da ke da rassa a Gusau da Azare da Birnin Kudu, amma ba zai iya turo bayanin abin da ya cira da Hausa ba, ba gazawa ba ce, duhun ne ya yi masa daɗi.

Inda kuskuren fassara ke kwana a kurkuku

Mu koma kan ɗan kasuwan nan. Tsakanin *charged* da *convicted* akwai shari'a sukutum. Na farko tuhuma ce, na biyu samu da laifi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. Sashen dai ya ce dole a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla cikin harshen da yake ji, kuma in ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Waɗanda suka rubuta wannan sun san cewa kalma na iya ɗaure mutum.

Amma shiga ƙaramar kotu ka zauna a baya ka saurara. Sau da yawa tafintan shi ne duk wanda ke kusa, magatakarda ko masinja. A karanto tuhuma da Turancin lauyoyi mai tsawon layi goma, a dunƙule wa mutum ita cikin kalma biyar: "An ce ka yi sata, ka yi?" Wani ya ce "e" yana nufin e, na ji abin da aka ce. Wani ya ce "haka ne" yana nufin haka ne an kama ni a wurin. Alƙalami kuwa ya riga ya rubuta.

Akwai kuma abin da lauyoyi ke kira *holding charge*. A kai mutum gaban majistare a kan laifin da majistaren ba shi da hurumin saurara, kisa ko fashi da makami, don kawai a samu izinin ajiye shi a gidan yari kafin shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta sa wa irin wannan tsarewa iyaka, kwana 14 a karon farko, sai an dawo gaban kotu kafin a ƙara. Duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba. Iyalin da aka ce wa "an caje shi an kai shi gidan yari" sukan ɗauka magana ta ƙare, su koma gida su yi ta addu'a. Da an ce musu ajiya ce ta kwana kaza, ba hukunci ba, da sun san akwai ranar da za su koma su ƙwanƙwasa ƙofa.

*Discharge* ma tana da nata ramin. A Hausa duk "sallama" muke cewa, a asibiti da kotu. Amma a kotu sallama iri biyu ce. Akwai wanda aka sallama aka kuma wanke, *discharged and acquitted*, wannan tsarin mulki ya hana a sake yi masa shari'a a kan laifin. Akwai wanda aka sauke wa tuhumar kawai saboda wata matsala ta tsari, ana iya kama shi a bakin ƙofa a sake ɗora masa ita. Duk ƙasar nan ta ga wannan a watan Oktoban 2022, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta sallami Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar kafa ƙasar Biyafara, ofishin ministan shari'a Abubakar Malami ya fito ya ce sallama aka yi, ba wankewa ba, aka ci gaba da tsare shi. Ko me mutum ke gani game da shari'ar, muhawarar ranar kacokan a kan kalma biyu aka yi ta. In manyan lauyoyi za su yi wannan ja-in-ja, ina ga manomin da aka ce masa "an sallame ka" ya yanka rago?

A asibiti kuma kalmar nan dai tana nufin ruwan da ke fita daga jiki. Likita ya tambayi mace ko tana ganin *discharge*, mijin da ya yi sakandare ya karɓe fassara ya ce a'a, ba a taɓa kwantar da ita ba ballantana a sallame ta. An wuce wurin, ciwon da ta zo dominsa bai shiga kati ba.

Allon da aka raba biyu

Ɗan ƙanwata yana aji biyu na babbar sakandare. Kwanaki ya kawo mini wani nassi na karatu da amsa tambaya, ya nuna mini jimla: *The bull charged at the farmer*. Ya ce, "Kawu, wannan ban gane ba. Sa ne ya caji manomi? Kuɗin me?"

Na yi dariya, daga baya dariyar ta koma ciki. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Ya yi amfani da abin da aka ba shi daidai yadda aka ba shi. A makarantarsu, kamar tamu a da, yin Hausa laifi ne, akwai mai rubuta sunayen masu yin *vernacular*, a ci su tara ko a zane su. Malamin da zai iya buɗe masa kalmar da "ɗora" da "ɗura" cikin minti uku an ɗaure masa harshe. Sai ya bayyana Turancin da yaro bai sani ba da wani Turancin da yaro bai sani ba, a tashi kowa ya ce ya gane.

Na san abin da za a ce. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yi, ba a shiga jami'a sai da kiredit a Ingilishi, yaron da aka saba masa da Hausa a aji zai kwanta a kanta. A watan Nuwamban 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya sanar da cewa za a riƙa koyarwa da harshen uwa a shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci zalla, yana kafa hujja da faɗuwar jarrabawa.

Wani ɓangare na ƙorafin gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. An ayyana manufa ba a buga littattafai ba, ba a horar da malamai ba. A Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano aji ɗaya na iya tara harshe biyar, na wa za a ɗauka? Kuma akwai malaman da ke fakewa da Hausa don su ɓoye cewa su kansu Turancin ya fi ƙarfinsu.

Amma ban yarda cewa harshen gida ne ke kashe Turanci ba. An gwada a ƙasar nan. Daga 1970, a Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci, Turanci ya zama darasi guda a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu fannonin ma sun wuce su. Sharaɗin shi ne malami ya san aikinsa.

Ni abin da nake nema ma bai kai nan ba. A koyar da Turanci, a yi jarrabawa da shi, ban ja ba. Amma a bar malami ya ɗauki Hausa ya buɗe kalma, sannan ya mayar da ita aljihu ya ci gaba. A daina ba yara kalma tsirara. A ba su ita cikin jimla biyar mabambanta, a tambaye su me ya haɗa waɗannan. A koya musu duban 'yan rakiya: *charge for* kuɗi ne, *charge at* farmaki ne, *charge with* ko tuhuma ko amana, sai abin da ya biyo baya ya raba gardama. A koya musu cewa ƙamus ba a tsayawa a ma'ana ta ɗaya, lambobin nan 2 da 3 da 4 ba ado ba ne.

Dabarar neman tushe ba kullum take ci ba, wannan ma gaskiya ne. *Lie* ta ƙarya da *lie* ta kwanciya ba dangi ba ne, kalmomi biyu ne daban da zamani ya sa suka yi kama. Kamar "gari" na mutane da "gari" na tuwo a rubuce, ko "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. A nan ba hoton da zai cece ka, jimla ce kaɗai. To ai ita ma wannan yaro ya riga ya iya ta da Hausa, ba wanda ya taɓa zuwa kasuwa sayen garin Katsina a kwano.

Masu cewa waya za ta fassara komai kuma, su gwada. Manhajar fassara takan yi ƙoƙari idan ka ba ta cikakkiyar jimla, amma wanda bai san akwai rami ba ba zai gane lokacin da ta jefa shi ciki ba. Ina kyautata zaton haka aka yi da ɗan kasuwan can.

Na zaunar da ɗan ƙanwar tawa na ba shi labarin amalanke da jaki da bindigar toka. Na tuna masa ranar da muka je kallon hawan Daushe, dawakai suka sako yana ƙanƙame da rigata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe sa ɗin nan kukan kura ya yi." Na rubuta masa wata jimlar in gwada shi: *She was charged with the care of her brother's children*. Ya daɗe yana kallonta, har na fara tunanin zai ce an kai ta kotu. Sai ya ɗago ya ce, "Kawu, riƙon 'ya'yan yayanta aka ɗora mata. Kamar Umma da su Halifa."

Shafin nan kuwa na aika musu saƙo na nuna musu bambancin tuhuma da samu da laifi. Sun karanta, alamar ta nuna. Da safiyar yau na sake leƙawa, kanun yana nan yadda yake.